Sabuwar taya ɗaya a mota mai fowil, sauran ukun sun ci rabi

Ɗan uwa, ka ce tayar Prado ɗinka ɗaya ta fashe a hanyar Kaduna, kana so ka sa sabuwa ɗaya sauran ukun kuma sun ci rabi. Gaskiya ban ba ka shawara ba. Sabuwar taya zanenta ya fi kauri, don haka ta ɗan fi tsofaffin girma, juyinsu ba zai zo ɗaya ba, ita kuma Prado kullum ƙafa huɗu take ja, to difaransha da akwatin fowil, masu raba ƙarfin inji ga tayoyi, su ne za su yi ta shan wahala suna zafi har su fara kuka. Hilux da ke tafiya a 2H, wato ƙafa biyu na baya kawai ke ja, ta fi haƙuri, amma kar ka sa ta a 4H, wato jan ƙafa huɗu, kan kwalta.

In kuɗi bai kai huɗu ba sayi biyu iri ɗaya, lambar girma ɗaya, a sa su baya. Kuskuren da nake yawan gani shi ne tayar Beljiyam da ba a duba shekararta ba, akwai lamba huɗu a gefenta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In ka fara jin gurnani daga ƙasan mota kar ka tsaya wajen mai faci, kai ta wurin makaniken da ya san fowil.