Amsa kan Taiwan: ƙasa ce ko lardin Sin?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko Taiwan ƙasa ce mai cin gashin kanta ko kuwa yanki ne na Sin, ganin yadda ake buga sunanta daban a jikin injinan da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Na daɗe ina sayo kayan inji daga ɓangarorin biyu, don haka ga abin da na fahimta.

A aikace, Taiwan tana da gwamnatinta da sojojinta da kuɗinta, kuma bizar Sin ba ta shigar da kai Taipei, babban birninta. A hukumance kuwa lamarin daban ne. A 1949 gwamnatin Chiang Kai-shek ta sha kaye a hannun 'yan gurguzu, ta ƙaura zuwa tsibirin da sunanta na Jamhuriyar Sin, wanda har yau shi ne a jikin fasfonsu. A 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa kujerar Sin ga Beijing, a shekarar ne kuma Najeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da ita, sannan a 2017 aka umarci ofishin kasuwancin Taiwan ya tashi daga Abuja ya koma Legas. A Afirka, Eswatini kaɗai ta rage cikin ƙasashen da ke da hulɗar jakadanci da Taiwan.

Abin da mutanenmu ba su cika lura da shi ba shi ne, su kansu mutanen tsibirin bakinsu bai zo ɗaya ba. Jam'iyyar KMT, wadda Chiang Kai-shek ya jagoranta, tana riƙe da fahimtar 1992, cewa Sin ɗaya ce amma kowa da irin fassararsa. Jam'iyyar DPP mai mulki kuwa cewa take yi Taiwan ta riga ta zama ƙasa, saboda haka babu buƙatar wata shela, kuma magoya bayanta suna kafa hujja da cewa Japan ce ta mulki tsibirin daga 1895 zuwa 1945, gwamnatin gurguzu kuma ba ta taɓa mulkarsa ko da yini ɗaya ba. Na ga wannan saɓani a wata masana'anta a birnin Taichung na Taiwan, inda dattijon da ya kafa ta yake zuba mana shayi yana ba da labarin ƙauyen kakanninsa a lardin Fujian na Sin, yana cewa su Sinawa ne, ɗansa kuma ya bari sai da muka fito bakin mota sannan ya ce da ni shi ɗan Taiwan ne kawai.

A ganina, mafi yawansu so suke a bar kaza cikin gashinta. Suna zaɓen shugabansu kai tsaye tun 1996, ba sa son rasa wannan, musamman bayan sun ga abin da ya sami Hong Kong a 2020, lokacin da Beijing ta kafa mata dokar tsaro mai tsauri. Amma kuma sun san dokar da Beijing ta kafa a 2005 ta ba ta damar amfani da ƙarfi idan suka ayyana ɓallewa. Ko Lai Ching-te na DPP da kusan kashi 40 cikin ɗari ya ci zaɓen shugaban ƙasa na 2024, jam'iyyarsa kuma ta rasa rinjaye a majalisa.

Idan fatauci zai kai ka can, ka nemi bizarsu daban ta ofishin Legas, kuma kada ka ɗauko wannan zance a wurin ciniki a Guangzhou.