Ɗoɗɗoyata na bushewa duk hunturu, ina kuskuren yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina shuka ɗoɗɗoya a bayan ɗakina a Zariya. Da damina sai ta yi kyau, ta yi fure, amma hunturu na shigowa sai ta bushe. An ce tana yin shekaru, to ni me ke hana tawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara tabbatar da wacce ce a hannunki, don ɗoɗɗoya iri-iri ce. Akwai mai ƙananan ganye, wadda da ta zubar da iri ta gama aikinta. Mai yin shekaru ita ce babbar, mai faɗin ganye da ƙamshi mai ƙarfi, wadda Yarabawa ke kira efinrin, masana kuma Ocimum gratissimum. Tana kai mita 1 zuwa 2, gindinta ya zama itace.

In ita ce, na fi zargin furen. Da zarar ta fitar da dogayen zangarniyoyin nan masu ƙananan furanni, duk ƙarfinta ya koma wajen yin iri. Ganye ya ƙanƙance, ƙasan reshe ya zama tsirara, sai iskar hunturu ta tarar da ita a gajiye. Ki riƙa tsinke kan da farce tun yana toho, daidai saman ganye biyun da ke fuskantar juna. Cikin 'yan kwanaki za ki ga rassa biyu sun leƙo daga hammatar ganyen. Ki bar wa zuma reshe ɗaya ko biyu, ke ma ki samu iri, wannan ya isa.

Idan ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, ki rage mata tsawo da kamar kashi ɗaya cikin uku, ki zuba ruɓaɓɓen takin awaki a gindi, ki rufe da busasshiyar ciyawa. Ban-ruwa da safe, duk lokacin da kika tura yatsa kika ji ƙasa ta bushe. Amma kada ruwa ya kwanta, saiwa ruɓewa take yi. In a bokiti take, a huda ƙasansa. Ruwan wanki mai omo kuwa, don Allah a nisanta shi da ita.

Abin da nake yi a gidana kuma shi ne ajiye madadi. Nakan yanko reshe mai tsawon taƙi, in cire ganyen ƙasa, in tsoma a kofin ruwa a inuwa. Cikin mako biyu zuwa uku fararen saiwoyi sun fito, sai in dasa a gefen katangar da ke tare iska.