Gatarin aradu da masu haƙar zinariya ke kawowa: in saya ko in bari?

Wani ɗan'uwa daga Gadarif ta ƙasar Sudan, wanda yanzu yake sayar da kayan masarufi ga masu haƙar zinariya a Atbara, ya aiko da tambaya. Ya ce: "Malam, yaran da ke dawowa daga sahara suna kawo mini gatarin aradu da dutsen niƙa da duwatsun wuya. Wani dillali ya ce in tara masa, yana da mai saye a ƙasar waje. Ina so in zuba rabin jarina. Yaya zan gane na gaske da na jabu?"

Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Zan faɗa maka yadda ake dubawa, amma ka daure ka karanta har ƙarshe, domin amsar da ta fi shafar aljihunka tana gaba.

Abin da muke kira gatarin aradu ba daga sama ya faɗo ba. Mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce ne suka sassaƙa shi, kuma ƙasar nan cike take da irinsa. A Khor Abu Anga, cikin Omdurman, wani Baturen Ingila mai suna Arkell ya tattara gatura na dutse masu yawa tun shekarun 1940. Saboda haka ba abin mamaki ba ne yaro ya tsinci na gaske.

Fara da fatar dutsen. Wanda ya daɗe a sahara yakan yi wani baƙi-baƙi mai sheƙi, wanda ƙura da sinadaran ƙarfe suka dasa masa a hankali cikin dubban shekaru. Juya shi: sau da yawa gefen da ya kalli rana ya fi duhu, wanda ya kwanta a ƙasa kuma ya fi haske ko ya yi ja-ja. In ka ga launi ɗaya ko'ina, har cikin ramukan sassaƙa, kamar an tsoma shi a rini, to ka yi shakka. Na taɓa zama a shagon wani abokina aka kawo masa guda uku masu kyan gani. Ya ɗiga sinadarin goge farce a auduga, ya murza bakin ɗaya. Audugar ta fito ruwan kasa, warin man goge takalmi ya tashi, ƙarƙashin kuma dutse fari fat, sabon fashi. Wasu da baƙin mai suke shafawa, wasu su jiƙa a shayi su binne na 'yan makonni.

Sai ka ari madubin da maƙeran zinariya ke duba kaya da shi. Injin gurza na lantarki yana barin layuka miƙaƙƙu, a jere, masu zurfi ɗaya. Hannun mutumin da ya goga dutse a kan dutse ba ya yin haka, layukansa sukan sarƙe da juna, kuma iska da yashi sun riga sun dakushe kaifin. Dutsen wuya kuwa, raminsa za ka leƙa. Na da yawanci daga gefe biyu ake huda shi, bakin ya yi faɗi, tsakiya ta tsuke, zare kuma ya cinye gefen ramin. Rami santal kamar bututu ya fi kama da aikin injin zamani. Akwai ma wanda ba jabu ba ne, ba kuma na tarihi ba: dutse ne kawai da iska ta feƙe har ya yi kama da aikin hannu.

Duk wanda ya ce maka an auna shekarun dutsen da gwajin kabon, ƙarya yake yi. Wannan gwajin sai a kan abin da ya taɓa rai, kamar gawayi ko ƙashi. Shekarun dutse daga wurin da aka same shi ake gane su, da abin da ke kwance tare da shi. Da zarar yaro ya jefa shi a buhu, wannan shaidar ta tafi.

To, yanzu ga lissafin kasuwa. In na jabu ne, kuɗinka sun nutse. In na gaske ne, ba naka ba ne. Dokar kare kayan tarihi ta 1999 ta mayar da irin waɗannan kaya mallakar ƙasa, a ƙarƙashin hukumar kayan tarihi da gidajen adana su, kuma fataucinsu ko fitar da su ba izini yana jawo ƙwacewa da tara da ɗauri. Wane irin haja ne wannan, da ingancinsa shi ne laifinsa? Gaba kura, baya sayaki.

Lokacin ma ya fi kowane muni. Bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 an wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartoum, har UNESCO ta yi kira a 2024 ga masu cinikin kayan tarihi da su guji abin da ya fito daga Sudan. Mai saye na mutunci zai nemi takardar asali, ba ka da ita. Wanda ba zai nema ba, shi ne zai karya farashi yadda ya ga dama, don ya san ba ka da inda za ka kai ƙara. Dillalin nan kuma, ka lura, bai ba ka kafin alƙalami ba. Kai za ka sayi kaya, kai za ka ajiye su a shagonka, kai za a samu da su a shingen bincike.

Abin yana ci mini rai ta wani gefen kuma. A 2020 masu neman zinariya suka shiga Jabal Maragha, wani wurin tarihi a hamada arewa da Khartoum, da katafila, suka yashe wurin da ya kai kusan shekara 2000. Kowane mai saye da ya buɗe aljihu, yana ƙara wa irin wannan haƙa ƙarfi.

Ka bar jarinka inda ka san kansa. Waɗannan yaran kullum suna buƙatar gari da sukari da batir da jarkar ruwa, kuma a hannunka suke saya. In akwai rara, kai ɗan Gadarif ne, ka san lokacin da riɗi ke araha. Waɗanda ka riga ka karɓa kuwa, kar ka wanke su, kar ka shafa musu komai. Tambayi yaron inda ya tsince su, ka rubuta a takarda, ka kai wa ofishin hukumar kayan tarihi mafi kusa da kai.