Tambaya da Amsa: Wai wa ya gina otal ɗin Turnberry ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni dai tambayata a kan wani otal ce da na gani a labarai a watan Yulin 2025, lokacin da Donald Trump ya je Sikotilan ya zauna da shugabar hukumar Tarayyar Turai a kan maganar harajin kaya. Wani farin gini ne mai jan rufi a saman tudu, ga teku a gabansa ga filin golf. Mun yi ta musu a majalisarmu, abokaina suka ce Trump ne ya gina shi tunda sunansa ne a jiki, ni kuma na ce ginin nan ya yi kama da tsoho. Don Allah a raba mana gardama.
Daga wani ɗan uwa a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, toh ka je ka gaya wa 'yan majalisa kai ne da gaskiya. Sunan wurin Turnberry, yana yankin Ayrshire a kudu maso yammacin Sikotilan, kuma a 1906 aka buɗe otal ɗin, shi kuwa Trump a 1946 aka haife shi, ka ga ginin ya girme shi da shekara 40 cur. Saya ya yi a 2014 daga hannun wani kamfanin Dubai, ya kashe kuɗi sosai ya gyara kam, wannan ba a musu, sannan ya maƙala sunansa ya koma Trump Turnberry.

Waɗanda suka gina shi 'yan reluwe ne, kamfanin jirgin ƙasa na Glasgow and South Western Railway, mai zanen ginin kuma James Miller. Dabarar tasu mai sauƙi ce, attajiran Gilasgo suna da kuɗi amma garinsu duk hayaƙin masana'anta ne, to sai ka ja layin dogo ta bakin teku ka dasa ƙaton masauki a kan layin, mutum ya biya ka kuɗin tikiti ya biya ka na ɗaki ya biya ka na abinci, duk aljihu ɗaya ake zubawa. Shi ya sa ma sunansa na farko Station Hotel, wato na tasha. Shekara biyar kenan kafin dogo ya iso Kano a 1911. Filin golf ɗin ma ya riga otal ɗin, tun 1901 mai ƙasar wurin, wani basarake da ake kira Marquess na Ailsa, ya sa wani gwanin wasan mai suna Willie Fernie ya tsara masa shi.

Amma ni abin da ya fi taɓa ni a tarihin wurin nan ba maganar masu kuɗi ba ce, maganar yaƙi ce, don sau biyu ana rusa filin nan. A Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnati ta karɓe wurin ta mai da shi sansanin koya wa matuƙan jirgi yaƙin sama, otal ɗin kuma aka riƙa kwantar da waɗanda suka ji rauni a ciki. Jiragen lokacin katako ne da ƙyalle, samari da yawa a wurin koyon suka mutu ba su ma kai fagen daga ba, har yanzu akwai dutsen tunawa da su a kan wani ɗan tudu kusa da rami na 12 na filin golf ɗin, da sunayensu a rubuce. Aka gama yaƙi aka gyara fili aka koma wasa. Sai ga na biyu ya zo, wannan karon ma abin ya fi muni don ba ciyawa kawai aka tattake ba, baje tuddan aka yi aka malala kankare aka yi titunan saukar jirgi, otal ya sake komawa asibiti. Da aka gama mutane da yawa sun cire rai, cewa suke shikenan Turnberry ta mutu. Sai da aka matsa wa gwamnati ta biya diyya, aka kira wani mai tsara filaye Philip Mackenzie Ross, aka fasa kankaren aka kwashe, aka sake tara tuddan rairayi aka shimfiɗa ciyawa, a 1951 aka sake buɗe babban filin da ake kira Ailsa. Har gobe in mutum ya duba gefe zai ga ragowar titin jirgin, ba a kwashe duka ba. Wallahi wannan aikin shi ne gadon wurin a wajena, mutanen da suka kalli kankare suka ce a'a sai mun dawo da abinmu.

Wurin ya yi ta canza hannu, gwamnatin Birtaniya ta mallake shi a 1948 da ta karɓe kamfanonin reluwe, aka sayar a shekarun 1980, Japanawa sun riƙe, kamfanin otal na Starwood ya riƙe, 'yan Dubai suka saya a 2008, sai Trump. Shi dai na baya-bayan nan ne a layi.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Maigidana yana ɗan buga golf a Kaduna, kullum aka zo hirar wasan sai ya kawo labarin wani karo da aka yi a Turnberry a 1977 wai ba a taɓa yin irinsa ba. Ni ban ma gane yadda ake cin wasan ba balle in taya shi hira. Mene ne ya faru haka?
Daga wata uwargida a Kaduna

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari ke ma, bari in fara da yadda ake ci. Fili yana da rami 18, ana buga 'yar ƙwallo da sanda daga nesa har sai ta faɗa rami, ana ƙirga bugu nawa mutum ya yi, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. A babbar gasa kwana huɗu ake yi, kullum a zaga ramukan 18 ɗin nan.

To a 1977 ne aka fara kai gasar da ake kira Open zuwa Turnberry, ita ce gasar golf mafi tsufa cikin manyan guda huɗu, tun 1860 ake yinta. Amurkawa biyu suka haɗu, Jack Nicklaus mai shekara 37 wanda a lokacin kowa ya sallama masa, da Tom Watson ɗan shekara 27 mai tasowa. Abin mamakin shi ne kwana uku a jere lissafinsu ɗaya sak, 68, 70, 65, kamar sun haɗa baki. Ranar ƙarshe suka fita tare ana rana mai zafi wadda ba a saba gani ba a can, 'yan kallo na bin su a guje ƙura na tashi har sai da aka ɗan dakatar da wasa. Nicklaus ya wuce gaba, Watson ya kamo shi, a rami na 17 Watson ya wuce da bugu ɗaya. A na 18 ƙwallon Nicklaus ta faɗa cikin ciyayi gab da ƙaya, kowa ya ce ta ƙare, mutumin nan ya fizgo ta daga ciki sannan ya zura ta rami daga nesa sosai, wurin ya kaure da ihu. Dole sai Watson ya zura tasa da ke dab da rami in ba haka ba a yi kunnen doki, ya kuwa zura. Watson 268, Nicklaus 269, wanda ya zo na uku Hubert Green yana can baya da 279. Nicklaus ya dafa kafaɗar yaron suka fita tare, wannan dafawar tana cikin abin da ya sa tsofaffin 'yan wasa ba sa mantawa.

In kina so ki burge maigida ki tambaye shi 2009. Watson ɗin nan dai ya dawo filin yana da shekara 59, an ma yi masa aikin ƙugu watanni kafin nan, ya zo ramin ƙarshe yana gaba da kowa, ƙwallon ta ɗan zarce ya yi asarar bugu ɗaya, suka yi canjaras da Stewart Cink aka ƙara ramuka huɗu Cink ya cinye. Ban ga wanda ya kalli wasan nan bai ji wa dattijon ba. Tsakanin waɗannan biyun Greg Norman ya ci a 1986, Nick Price ɗan Zimbabuwe ya ci a 1994, sau huɗu kenan aka yi gasar Open a can.

TAMBAYA: Salam Malam. A hotunan wurin ina ganin wata farar hasumiya a bakin ruwa da wani ƙaton dutse a tsakiyar teku, ko suna da labari? Kuma me ya sa tun 2009 ba a koma da gasar can ba?
Daga wani ɗalibi a Maradi

AMSA: Suna da shi ƙanena. Hasumiyar fitila ce mai yi wa jiragen ruwa jagora da dare, a 1873 aka gina ta, kuma a kan kufan wata tsohuwar fada take, inda ake kyautata zaton nan aka haifi sarkin Sikotilan Robert the Bruce a 1274, wanda ya ci Ingila da yaƙi a Bannockburn a 1314. A gyaran da aka yi a 2016 an mai da cikinta wurin hutawar 'yan wasa da ɗakin kwana na alfarma. Dutsen kuma tsibiri ne, Ailsa Craig, kimanin kilomita 16 daga gaɓa, ba kowa a kai sai dubban tsuntsayen teku, daga jikinsa ake saro duwatsun da ake wasan tura dutse a kan ƙanƙara da su har a gasar Olamfik.

Maganar gasa kuma, a Janairun 2021 bayan rikicin da magoya bayan Trump suka yi a majalisar dokokin Amurka, hukumar R&A mai shirya Open ta fito ta ce ba za ta koma Turnberry ba sai ta tabbata hankalin mutane zai tsaya a kan wasan da 'yan wasa da filin. Daga baya kuma suka ƙara da maganar hanya da jirgin ƙasa da masauki, don wurin ƙauye ne, 'yan kallo kusan 120,000 suka je a 2009 alhali yanzu gasar tana tara sama da 250,000. Layin dogon da ya haifi otal ɗin ma an daɗe da rufe shi, yanzu sai dai mutum ya sauka a Girvan ya nemi mota. An dai yi babbar gasar mata a can a 2015, Inbee Park 'yar Koriya ta Kudu ta ci. Ni ra'ayina filin ya cancanci a koma, amma hujjar hanya da masaukin ma gaskiya ce, sai an gyara su tukuna.