Me ke tare iskar rana, alhali sararin samaniya fanko ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Malaminmu na fiziks ya ce akwai iskar da ke fitowa daga rana, tana karo da maganaɗisun duniya har ta yi kamar bango. Shi ne kuma ya ce mana sararin samaniya fanko ne. To me ke karo da me?
Daga wata ɗaliba, Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku bai yi tufka da warwara ba.

Idan damina ta yi nisa, wajen Agusta, nakan tsaya kan gadar Kogin Kaduna in dubi gindin ginshiƙi. Ruwa na yin tudu a gabansa kafin ya rabu biyu ya wuce. Ginshiƙin nan shi ne maganaɗisun duniya. Ruwan kuma iskar rana ce, filasma, wato ƙananan ƙwayoyi, furoton da ilektiron, masu ɗauke da cajin lantarki, tana gudun wajen kilomita 400 a daƙiƙa guda. Tudunta, wato bangon da malaminku ya faɗa, yana can kusan kilomita 90,000 daga nan, ta ɓangaren rana.

Amma misalin nawa ya gaza daidai inda kika taɓo. Ruwa na tudu ne saboda ɗigo na ture ɗigo. Can sama kuwa, a fili kamar kan ɗan yatsanki, ƙwayoyi biyar zuwa goma ne kawai. Ƙwaya ɗaya na iya tasowa tun daga kusa da rana har nan, kwana huɗu a hanya, da ƙyar ta gogi 'yar'uwarta.

Igiyoyi ne ke wannan aikin, irin igiyar ruwa amma ta maganaɗisu. Layukan maganaɗisun da ke cikin iskar na kaɗawa kamar tsarkiyar garaya, kaɗawar ce ke rage wa ƙwayoyin gudu, ta karkatar da su, ta zafafa su. Hannes Alfvén, ɗan ƙasar Suwidin, ya lissafo irin igiyoyin nan a 1942, ya ci kyautar Nobel a 1970.

Ga wurin da ya fi burge ni. Inda layukan suka tunkari bangon kai tsaye, wasu furoton, da isowarsu, sai a koro su baya, su bi layin maganaɗisu su nufi rana. Komawarsu na tayar da igiyoyin da ke kaɗawa kusan sau ɗaya duk daƙiƙa 30. Iskar ta kwaso igiyoyin ta sake maka su kan bangon, ya lanƙwashe, ya wargaje, ya kuma ginu, haka dare da rana. Ni fa shi ya sa kalmar bango ba ta kwanta min ba, sai dai ban samo wadda ta fi ta ba.

Inda layukan suka zo a gicciye kuwa, bangon siriri ne ƙwarai. Taurarin ɗan Adam huɗu na Turai masu suna Cluster, waɗanda aka harba a 2000, sun taɓa auna kaurinsa a wani wuri, ya tashi kilomita 17 kacal. Ko kwatan tafiyar Kaduna zuwa Zariya bai kai ba.