Wasan taici zai hana Mama yawan faɗuwa?

Tambaya: Salam likita. Mahaifiyata shekararta 72, sau biyu kenan tana faɗuwa cikin wata uku, ga ciwon gwiwa. Na ga bidiyon tsofaffi a ƙasar Sin suna wani motsa jiki a hankali wai shi taici, zai taimaka mata kuwa? Kuma ba bauta ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Eh zai taimaka, amma faɗuwa biyu cikin wata uku ba abin wasa ba ne, ki fara kai ta asibiti a auna hawan jininta tana kwance da kuma tana tsaye, a duba suga da ido, a duba magungunan da take sha, don wasu na hawan jini da na barci suna sa jiri.

Shi taici asalinsa dabarar faɗa ce daga ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan, a 1956 hukumar wasanni ta Sin ta taƙaita shi zuwa motsi 24 don kowa ya iya. Akwai falsafar Sinawa a bayaninsa, amma wanda muke koyarwa don lafiya motsi ne da numfashi kawai, ba sujada ba kiran sunan kowa.

Abin da yake burge ni da shi, mutum yana ɗan lanƙwasa gwiwa yana mayar da nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan a hankali, to nan ne cinya ke yin ƙarfi, ƙafa kuma ta sake koyon jin inda take takawa, wanda shi ne ke fara gudu idan girma ya zo. A wani bincike na jihar Oregon ta Amurka da aka buga a 2018, mutum 670 masu shekara 70 zuwa sama, waɗanda suka yi taici awa ɗaya sau biyu a sati har wata shida faɗuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu miƙe-miƙen jiki kawai. Ga mai ciwon gwiwa ma yana rage ciwon.

Ta fara da minti goma, tana dafe da kujera mai ƙarfi, ke kina gefenta, kar ta yi da silifas kan tayil. In gwiwar ta kumbura ko ta ji jiri ko ƙirji ya riƙe, ta tsaya. In da hali likitan fisiyo, wato na gashi da motsa jiki, ya gwada mata motsin farko kafin ku koma bin bidiyo.