Wa ake kira sabon shiga a NBA?

Ƙanina, saƙonka ya same ni. Ka ce kun yi musu a majalisarku ta Fagge kan yadda za a kira ƙato mai gemu sabon shiga a ƙwallon kwando. Mu ma nan Bronx, a New York, mun sha wannan gardamar a shagon aski, har mai askin ya kan ajiye injinsa ya tsoma baki.

Ƙa'idar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba ruwanta da shekarunka, ba ruwanta da shekarar da ƙungiya ta zaɓe ka. Abin da take dubawa ɗaya ne: ka taɓa buga wasan gasar ko ba ka taɓa ba? Ben Simmons, Philadelphia ta ɗauke shi na farko a 2016, ƙafarsa ta karye tun kafin a fara, ya yi zaman benci kaka guda cur. Da ya dawo sai ya lashe kyautar gwarzon sababbin shiga ta 2018. Donovan Mitchell, ɗan wasan Utah a lokacin, wanda ya zo na biyu a takarar kyautar, bai ɓoye jin haushinsa ba, har riga ya sa da aka rubuta ma'anar kalmar "rookie", wato sabon shiga, a ƙirji. Kafin nan ma Blake Griffin ya yi haka: zaɓen 2009, ciwon gwiwa, kyauta a 2011.

Ni dai ina ɗan tausaya wa Mitchell. Wanda ya shekara yana atisaye da manya, yana cin albashi, ai ba baƙo ba ne a gidan. Amma in za a bi ta nan, ina za a kai Luka Dončić? Ya zo Dallas a 2018 bayan ya zama gwarzon EuroLeague, gasar manyan ƙungiyoyin Turai, da Real Madrid, kuma shi aka ba kyautar 2019. Pablo Prigioni kuwa yana da shekara 35 ya fara bugawa Knicks, ƙungiyarmu ta New York, aka rubuta shi sabon shiga, ba wanda ya ce uffan.

Abin da ya sa dattawanmu na nan ba sa ganin laifin ƙa'idar, haka muke lissafin namu baƙin. Ko ka yi shekara goma a Jidda ko Landan, ko bizarka ta daɗe a aljihu, in ba ka ga sanyin Janairu na New York ba, sabon zuwa ne kai. Za a kai ka sayen jaket, a koya maka jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma kai za ka raba shayi ranar suna.

Ka gaida Inna. Rigar Knicks ɗin da ka ce tana nan, ina jiran mai tafiya.